Silsilar Maƙeran Garma a Ƙasar Zazzau

Duk wanda ya san birnin Zariya, ko da a bakin mutane ne ya san shi, ya san cewa in ana lissafin unguwannin ilmi ba a tsallake Limancin Kona, domin tun kafin tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta iso ƙasar Zazzau a hannun Malam Musa unguwar take cike da malamai da masu neman sani, har darajarta ta kai ga Limamin Kona ya zama ɗaya daga cikin waɗanda ake jiran bakinsu ranar da Allah ya yi wa sarki rasuwa, shi da Limamin Juma'a da sauran masu zaɓen sarki. Abin da ya riƙe wa wannan unguwa mutuncinta, bayan tsoron Allah da naci a kan karatu, shi ne kiyaye asalin kowane abu. Ba a karɓar mas'ala sai an san bakin da ta fito, ba a yarda da ijazar mutum sai ya jero shaihunansa ɗaya bayan ɗaya. Kuma in ka sami alfarma wani dattijo ya kwance maka gafaka, ya zaro tsohon littafi wanda tawadarsa ta koma ja, gefen takardunsa ya cinye saboda yawan juyawa, ka duba ƙarshensa, sau da yawa za ka tarar wanda ya kwafe shi ya sa sunansa da na mahaifinsa, ya faɗi ranar da ya gama, sa'an nan ya roƙi mai karatu ya sa shi cikin addu'a. Ta haka ne mutumin da ya yi shekara 100 ko fiye a kabari yake ci gaba da samun Fatiha daga jikokin almajiransa.

To, amma malamin nan da ya kwafi littafi, da almajiran da suka kewaye shi a zaure, da baƙin da suka sauka gidansa daga Borno ko daga Nufe, dukansu tuwo suka ci, tuwon kuwa daga gona ya zo, gonakin da ke bayan Ƙofar Kona da waɗanda ke cikin ganuwa kanta, gama ganuwar Zariya ta kewaye filayen noma masu yawa tare da gidaje. Ran Alhamis, da sauran lokutan da aka tashi daga karatu, almajirai kan saɓa garma su nufi gonar malam. Da kaka kuma malam ya buɗe Risala ya karantar da babin zakka, ya bayyana cewa hatsi in ya kai ausuƙi biyar ana fitar da ushuri daga abin da ruwan sama ya shayar, da rabin ushuri daga abin da aka shayar da wahala. Sai dai ba a kai ga mudu ɗaya, balle ausuƙi, sai ƙarfe ya shiga ƙasa, ƙarfen nan kuwa wani bawan Allah ne ya ƙera shi. A kan wannan bawan Allah nake so mu tsaya, domin mun riƙe silsilar ma'abota alƙalami riƙo mai kyau, mun saki ta ma'abota masaɓa, alhali kuwa tarihin garin da ya ci da garma ba ya cika sai da sunan wanda ya ƙera garmar.

Kada wani ya ce ƙira ba ta kai a ɓata mata tawada ba, gama magabata sun riga sun yanke wannan hukunci. Imamu Gazali, a farkon littafinsa Ihya'u Ulumiddin, ya sa noma da saƙa da makamantansu na ginshiƙan sana'o'i cikin farillan kifaya, watau abin da in mutanen gari suka taru suka bari to laifi ya hau kansu gaba ɗaya. Ibnu Khaldun kuma a cikin Muƙaddima ya ƙidaya noma a kan shi ne mafi daɗewar sana'o'in 'yan Adam. Tun da kuwa ƙa'ida ce sananniya wurin malaman usulu cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi to shi ma ya shiga wajibi, babu makawa maƙerin da ke bai wa manomi makami yana tsaye ne a kan wani aiki na addini, ko ya sani ko bai sani ba. Ya ishe shi alfahari cewa akwai sura guda a cikin Alƙur'ani mai girma da aka sa wa sunan ƙarfe, kuma Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yana cikin ni'imomin da aka ba shi a tausasa masa ƙarfe ya ƙera sulke da hannunsa.

Ƙira a wannan yanki ta girmi birnin kansa nesa ba kusa ba. A Taruga, kusa da Abuja ta yau, masu haƙar kayan tarihi sun tono matoyan tama waɗanda suka haura shekara 2,000. A Samaru ma, nan bakin Zariya, malaman Jami'ar Ahmadu Bello sun sami kufan matoya da tarin kashin maƙera a shekarun 1970, shaidar cewa mutanen da suka zauna gindin Kufena da kewayensa sun san yadda ake haƙo tama, a haɗa ta da gawayi, a hura mata wuta kwana da yini har ƙarfe ya rabu da dutse. Daga hannun masu narka tama ƙarfen yake zuwa wurin maƙeran baƙi, waɗanda aikinsu ya bambanta da na maƙeran fari masu azurfa da tagulla, su kuwa su mai da shi garma da fartanya da hauya da sungumi da magirbi da lauje da gatari. Matsayin garma a ƙasar Zazzau ya kai har da ita ake ƙidayar haraji. Bature ɗan Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarimu, da ya sauka Kano a 1851 ya rubuta abin da aka gaya masa, cewa a ƙasar Zazzau a kan kayan noma ake aza kuɗin ƙasa, wuri 500 ga kowace fartanya, M. G. Smith kuma, wanda ya zauna ya bincika mulkin Zazzau ya buga littafinsa a 1960, ya ambaci kuɗin garma cikin harajojin da ake karɓa. Ke nan baitulmalin sarki, da dawakin barade, da sadakar da ake kai wa malamai, duk a bisa bakin ƙarfen maƙeri suka dogara.

Wanda yake so ya ga wannan sana'a da idonsa, sai ya je maƙera a ƙarshen bazara, sa'ad da hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowane magidanci ya tuna da garmarsa da ta kwana a rumbu tun bara. Zai tarar da rumfa gajera, maƙeri yana zaune a ƙasa gaban uwar maƙera, yaro a gefe yana danna zugazugi da hannu biyu, dama na sauka hagu na tashi, gawayi na ja yana komawa fari. Maƙerin ya kama tsohon ruwan garma da awartaki, ya tura shi cikin wuta, ba ya duban agogo, launin ƙarfen kawai yake kallo. In ya kai yadda yake so ya fizgo shi, ya ɗora masa sabon baki, masaɓa ta sauka, tartsatsi ya watsu, har tsoho da sabo su zama abu guda. Manoma na zaune a kan kututture suna jiran layi, wannan ya ce a rage wa tasa nauyi domin ƙasarsa jigawa ce, wancan ya ce a ƙara wa tasa kauri domin fadama zai shiga, maƙerin kuwa ya san gonar kowa da ƙarfin damtsen kowa. In an gama a kai wa masassaƙi ya sa ƙota. Sau da yawa ba a biya nan take, sai kaka ta yi a aiko da dami. Sana'a ce ta gado: yaro ya fara da zuga, ya koma riƙe ƙarfe, ya koma bugun ƙusa da allura, kafin a yarda ya taɓa garmar mutane, suna da Sarkin Maƙera mai tsaya musu a fada ya kuma raba musu aikin sarki, suna da kiɗansu na dundufa, suna da wasansu da wuta ranar buki. Duk wannan ilmi a ka yake, daga uba zuwa ɗa, ba a taɓa ɗora shi a kan takarda da hannun masu shi ba.

Haka al'amarin ya gudana har Turawa suka kafa mulkinsu a Zariya a 1902, sa'an nan hanyar jirgin ƙasa ta ratsa ta nan ta isa Kano a 1911. Jirgi ya zo wa maƙera da abu biyu. Na farko ƙarfen Turai mai araha, sabo da tsoho, wanda sannu a hankali ya kashe wutar masu narka tama, domin babu mai kwana yana zuga a daji alhali ga guntun ƙarfen dogo a kasuwa. Na biyu kuwa kwaɗayin auduga. Masu masaƙun Ingila sun kafa ƙungiyar BCGA a Manchesta tun 1902 don neman audugar da za ta rage musu dogaro da ta Amurka, suka gina gidan gurza a Zariya, aka kuma shigo da irin audugar nan mai suna Allen aka rarraba wa manoma. Amma sai suka tarar da iyaka: magidanci da 'ya'yansa, da garmar hannu, ba su iya wuce gonar da za ta ciyar da gida sai da kaɗan, kuma ƙasar da aka matsa wa da shuka ba taki gajiya take yi. Shanu na hannun Fulani, gona na hannun manomi, ba sa haɗuwa sai da rani in garke ya kwana a gona. Da aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru a 1922, da gonar dabbobi ta Shika a 1928, da gonar irin auduga ta Daudawa a kudancin Katsina, sai shugabannin ma'aikatar gona, ƙarƙashin O. T. Faulkner, suka tsaya a kan shawarar da aka kira noma da kiwo: a bai wa manomi bijimai biyu da garmar da za su ja, bashi daga baitulmalin En'e, ya biya a hankali, shanun su yi masa huɗa su kuma ba shi taki. A ƙarshen shekarun 1920 aka fara da mutane 'yan ƙalilan; bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun zama dubbai.

A nan ne tarihinmu ya haɗu da na wani gidan ƙira da ke garin Ipswich a gabashin Ingila. Wani mai zubin ƙarfe, Robert Ransome, shi ya kafa shi a 1789, kuma a 1803, watau shekara guda kafin hijirar Shehu zuwa Gudu, ya yi rajistar wata dabara da ta ɗaukaka sunansa: ya gano cewa in narkakken ƙarfe ya huce da sauri a fuska ɗaya, wannan fuskar takan fi ɗayar tauri, sai ya riƙa zuba bakin garma ta yadda ƙasansa ya fi samansa ƙarfi, saman ya riƙa cinyewa da sauri, bakin ya riƙa wasa kansa yana cikin aiki. Bayan shekara biyar ya ƙara da wata dabarar, ta ƙera sassan garma bisa awo ɗaya, yadda in wani ya lalace za a kwance shi a ɗaura sabo ba sai an jefar da garmar ba. 'Ya'yansa da jikokinsa da abokan tarayyarsu suka faɗaɗa gidan har ya zama Ransomes, Sims & Jefferies, mai aika kayan noma zuwa ƙasashen duniya. Garmar shanun da ta kafu a Arewa, wadda ake kira Emcot, ƙirar wannan gida ce. Dalilin karɓuwarta kuwa a fili yake ga duk manomi: garmar Turai ta asali kifar da ƙasa take yi gefe ɗaya ta bar fili a shimfiɗe, mu kuwa mutanen kunya ne, a kan kunya muke shuka dawa da gero da gyaɗa da auduga, ita kuma Emcot fukafukai biyu gare ta, tana tsaga tsohuwar kunya ta watsa ƙasar dama da hagu, ta tayar da sabuwa a inda kwari yake. Aikin da garmar hannu ta saba yi shi ta zo ta yi, shi ya sa ba ta sha musu ba.

Ka tsaya bakin gona da sassafe, bayan ruwan shuka ya sauka, ka ga yadda abin yake. Bijimai biyu a ƙarƙashin karkiya ɗaya, sarƙa ta taso daga tsakiyar karkiyar zuwa goshin garma, 'yar ƙafar ƙarfe na gungurawa a gaba tana tsare zurfin huɗa, yaro na gaba riƙe da igiyar hanci, magidanci na baya ya kama mariƙai biyu yana kiran kowane sa da sunansa. Ƙasa mai danshi na buɗewa, balbelu na biye suna tsintar abin da ta fitar. Abin da zai ci wa gayya guda yini, shanu biyu sun gama shi kafin rana ta yi zafi. Wanda ya mallaki shanun huɗa ya faɗaɗa gonarsa, ya yi wa maƙwabta huɗa da lada, ya ɗaura musu amalanke da rani, in sun shekara uku ko huɗu sun yi ƙiba ya sayar da su da riba ya sayi ƙanana. Amma gaskiya ɗaya ce, abin bai zo wa kowa daidai ba. Sai mai hali ko mai tsayayye a wurin hakimi yake samun rancen. Sai an tanadi harawa da karmami da angurya kafin a fitar da shanu daga rani da ƙarfinsu. Inda tsando ya yi yawa, musamman kudancin lardin, sammore kan kashe su. Kuma huɗa in ta yi faɗi, noman firi da maimai suna nan suna jiran fartanya. Saboda haka garmar shanu ba ta kori maƙerin gargajiya ba, sai ma ta ƙara masa aiki.

Da buƙata ta yawaita sai ƙirar ta baro Ingila ta dawo gida, kamfanin John Holt, wanda asalinsa na 'yan kasuwar Libaful ne, ya riƙa ƙera wannan garma a masana'antarsa ta kayan noma a nan Zariya. A wancan zamani hankalin hukuma ya fi karkata ga tarakta. An gwada noman inji mai faɗi a Mokwa daga 1949, bai kai ko'ina ba aka naɗe shi a 1954. Bayan samun mulkin kai aka buɗe ofisoshin hayar tarakta. Da kuɗin man fetur suka zo aka yi shirin ciyar da ƙasa na 1976 da juyin noma na 1980, aka kafa wuraren harhaɗa tarakta a Bauchi da Kano. Sai dai tarakta na son kayan gyara daga waje, da makaniki, da mai, da gona mai faɗi wadda aka tumɓuke kututturanta, kuma mai ƙaramar gona kan yi ta jiran layi har lokacin shuka ya wuce. Da aka karya darajar naira a 1986, aka kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona a shekarar, kayan waje suka fi ƙarfin talaka, taraktoci da yawa suka kwanta a harabar ma'aikatu ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. A wannan tsanani wanda ya tsaya wa manomi shi ne maƙerin nan na rumfa. Ya kwance Emcot ya dubi gaɓoɓinta, ya auna da igiya da tafin hannu, ya nemo sifirin na tsohuwar mota ya buga baki, ya yanko farantin ƙarfe ya lanƙwasa fukafukai, ɗansa da ya koyi walda ya haɗa masa gangar jiki. Tun yana gyara ta kamfani har ya koma ƙera tasa sukutum, wadda ake kai wa kasuwannin ƙauye a farashin da manomi zai iya. Da yawa daga cikin garmunan shanun da ke aiki a gonakin Arewa yau daga irin waɗannan hannaye suka fito, kuma wannan babi, a ganina, shi ne mafi girma a duk tarihin, shi ne kuma wanda aka fi barin sa ba rubutu.

Dubi bambancin da ke tsakanin maƙeran nan biyu wajen abin da suka bari. Gidan Ransomes ya sayar da sashensa na kayan noma a ƙarshen shekarun 1980, a 1998 kuma wani kamfanin Amurka mai suna Textron ya saye abin da ya rage. Amma duk da haka tarihinsa bai mutu ba, domin takardunsa, da zanen injunansa, da littattafan tallansa, da hotunansa, an tattara su an adana a gidan tarihin rayuwar karkara na Jami'ar Reading, wanda aka kafa a 1951, inda mai bincike zai je ya zauna ya bi sawun abin da aka ƙera da inda aka kai shi. Mutanen can, har da waɗanda ba malaman jami'a ba, tsofaffin ma'aikata da manoma da jikokinsu, sun mai da tattara labarin tsofaffin kayan noma abin yi, suna gyara su suna nuna wa yara. Mu kuwa abin da muke da shi a warwatse yake: rahotannin ma'aikatar gona da fayilolin Lardin Zariya a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da rubuce-rubucen masu bincike a Samaru da Shika, da littafin da Philip Jaggar ya buga a 1994 a kan maƙeran birnin Kano. Waɗannan duka abin godiya ne, sai dai yawancinsu da Turanci suke, kuma idon jami'i ne ko na baƙo ya gani. Muryar maƙerin Zazzau da kansa, da sunan ubansa da na wanda ya koya masa, ita ce ta yi ƙaranci a cikinsu.

Hanyar gyara wannan ba baƙuwa ba ce ga mutanen Kona, domin ita ce hanyar da malaman hadisi da marubuta ɗabaƙatu suka bi, ita Ahmadu Baba na Tambutu ya bi da ya tattara tarihin malaman Malikiyya, ita kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bi a Infaƙul Maisuri da ya ambaci malaman ƙasashen nan. A je wurin dattijon maƙeri da ladabi, a gaishe shi, a ce, “Baba, wa ya koya maka? Shi kuma wa ya koya masa? Daga ina kakanninku suka zo, a zamanin wane sarki?” A tambaye shi ranar da ya fara ganin garmar shanu, da wanda ya fara kawo masa ita gyara, da irin ƙarfen da ya fi yarda da shi, da yadda yake gane ƙarfe ya nuna. A rubuta da Hausarsa yadda ya faɗa, ko a boko ko a ajami, a sa sunan mai ba da labari da na mai rubutawa da wuri da kwanan wata, a kuma rarrabe abin da ya gani da idonsa da abin da ya ji daga wani, kamar yadda ake rarrabe shaida a gaban alƙali. In ruwayoyi biyu suka saɓa a kawo su duka, kada a zaɓi mai daɗi a binne ɗayar. Sa'an nan a nemi kayan kansu: tsohuwar garmar da ke jingine a bayan rumbu, a duba jikinta ko akwai sunan kamfani ko lamba, a ɗauki hotonta, a auna ta, rasiɗin rancen En'e da ke cikin adakar kaka, takardar shaidar malamin gona, tsohuwar uwar maƙera da aka gada. Na'urar ɗaukar murya da hoto tana aljihun kowane saurayi yanzu, uzurin rashin kayan aiki ya faɗi. Abin gaggawa shi ne 'yan gwangwan na bin gida gida suna sayen tsohon ƙarfe da awo, kuma garmar da ta shiga buhunsu ta tafi ke nan. Dattawan da suka ga farkon al'amarin kuwa kullum raguwa suke yi.

Wannan aiki ba ya buƙatar jiran gwamnati, ko da yake Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da Gidan Arewa na Kaduna, da fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau, kowannensu na da rawar da zai taka wajen ba da ɗaki da ajiya da tsari. Farkonsa a zaure yake. Ina kira ga malamanmu na Kona da na sauran unguwannin birni, Allah ya ƙara musu lafiya, da su nuna wa ɗalibansu cewa rubuta tarihin masu sana'a aikin lada ne, gama godiya ga mutane tana cikin godiya ga Allah. Ina kira ga 'ya'yan maƙera da suka yi karatun zamani da kada su ji kunyar zugazugin da aka saya musu littafi da shi. Ina kuma kira gare ka, ya kai mai karatu, da ka tambayi mahaifinka ko kawunka sunan maƙerin da ke yi wa gidanku garma, ka rubuta, ka je ka nemi zuriyarsa tun ana iya samunsu. In kowace unguwa da kowane ƙauye na ƙasar Zazzau suka kawo suna goma da labarinsu ingantacce, littafi ya samu, kuma haƙƙin da ke wuyanmu ya ragu. Allah ya jiƙan waɗanda suka ƙera, da waɗanda suka noma, da waɗanda suka karantar, ya ba mu ikon sauke wannan nauyi. Amin.